Babur ɗin da Muka Ce na Albasa Ne

Bazara ce, irin wadda ruwan randa kan yi ɗumi tun kafin hantsi. Shekarar ta zo da tsada, fetur sai a kwalba a bakin titi, amma mutane suna cikin ɗoki saboda Shari'a da aka kawo. Ko'ina wa'azi ake yi. Mu ma a ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Gwarzo, rabin darasi yakan koma tambayar me ya halatta, me ya haramta. Ni dai idan na tuna shekarar, ƙaurin hayaƙin wani tsohon babur ne yake fara zuwa mini.

Maigidana, Malam, malamin gona ne a da, kuma wurin aikin ya samu babur ɗin. Dogo ne, tayoyinsa masu ƙuraje, salansarsa a ɗage har kusa da cinyar wanda aka goya. Don yashi da kwazazzabai aka yi shi, ba don kwalta ba. Ba ya shan fetur zalla sai an haɗa masa da wani mai, shi ya sa duk inda ya bi yakan bar shuɗin hayaƙi. Manoman Garo da Masanawa da kukansa suke gane Malam ya iso. Da aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu aka rage ma'aikata, abin ya faɗa har da shi. Ranar da ya dawo ya tura babur ɗin ɗakin da muke ajiye dusa, ya lulluɓe shi da tabarma, bai sake waiwayarsa ba. Kaji suka mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. 'Yan matan da na haifa daga baya har suka yi wayo ba su taɓa jin kukansa ba.

'Yar farinmu kuwa tana aure a wani ɗan ƙauye can bayan Gammo, da cikin fari, har ya tsufa. Mu a yadda aka tashe mu, ɗan fari abin kunya ne. Ban taɓa faɗin sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, kakarta ce ta raine ta. Malam ma haka. Idan zancenta ya kama dole, sai mu ce “mutanen Gammo”, kamar gayya ce guda.

Wata mai daddawa da ke zagaya ƙauyuka ita ta kawo labarin. Ta sauke ƙwaryarta a tsakar gida ta ce, “Inna, na ga mutanenku na Gammo. Ƙafafun nan sun kumbura sun zama kamar turmi, fuskar ma ta tasa. Ungozomarsu ta ce gara ta dawo kusa da asibiti.”

Na ce, “Allah ya sauwaƙe. Daddawar yau ba ta kai ta wancan karon ƙamshi ba.”

Ta dube ni ta yi murmushi, don ita ma uwa ce.

Dama al'ada ce mai cikin fari ta dawo gida goyon ciki. Matsalar hanya ce. Mijinta ya tafi ci-rani Kudu bai dawo ba, gidan sai surukarta, tsohuwa. Mota ba ta shiga garin saboda yashi, ga wani rafi a tsakani wanda ruwan sama mai ƙarfi na farko yake cika shi ya raba su da kowa. Amalanke zai jijjiga ta a cikin wannan rana. 'Yan acaɓa suna nan a Kabo, amma dangin mijin sun ce ba za ta hau bayan wanda ba muharraminta ba, kuma ban ga laifinsu ba, lokacin haka kowa yake yi. Muharramin da ya iya babur ɗaya ne, ubanta. Babur ɗin kuma yana ƙarƙashin tabarma.

Da na kai wa Malam tuwo na ce, “Mai daddawa ta ce wai ƙafafun mutanen Gammo sun kumbura.”

Ya ce, “To.” Ya ci loma biyu ya ture kwanon, ya zauna yana kallon gabas, inda hadari yake tasowa.

Washegari na same shi tsaye a ƙofar ɗakin dusa, hannunsa a baya. Muna da 'yar fadama da muke albasa, lokacin an fara cira. Na tsaya gefe na ce, “Malam, albasar nan masu amalanke ne suke cinye amfaninta. Da abin nan yana tashi, ai da kanka za ka riƙa kai ta kasuwa.”

Ya ce, “Abin da nake tunani ke nan. Albasa.”

Ya yaye tabarmar. Kaza ta yi tsalle ta fita tana masifa.

Ƙanina bakanike ne a Kabo, aka aika masa ya zo. Shi da Malam ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, irin wasan miji da ƙanin mata. Ya zagaya babur ɗin yana tafa hannu.

“Yallaɓai malamin gona, wannan ai gawa ce. A kira liman, ni ban iya sallarta ba.”

Malam ya ce, “Kai da na san ka da majina har baki? Wannan babur ɗin ya girme ka a aiki, ka gaishe shi.”

“Na gaishe shi, bai amsa ba. Yaya, me za a riƙa ɗauka da shi?”

Muka haɗa baki ni da Malam muka ce, “Albasa.”

Ba mu da halin sayen sabon abu ko ɗaya. Akuyata ta tafi kasuwar Gwarzo, ta dawo mana a matsayin fistin na hannu da ringinsa da taya ɗaya ta baya. Sauran duk a tsakar gidana aka yi su. Tsohon fistin ya kafe a cikin injin, sai da aka yi ta jiƙa shi da kananzir, ƙanina yana ɗora masa guntuwar taɓaryata yana bubbugawa a hankali, kafin ya saki. Tankin mai ya yi tsatsa, aka zuba masa tsakuwa da kananzir aka miƙo mini, na zauna ina kaɗa shi kamar mai kaɗa nono har kafaɗuna suka yi tsami, ana zubarwa ana sakewa har ruwan ya daina fitowa ja. Salansa ta toshe da baƙin daskararren mai na shekaru. Ƙanina ya ce wuta ce maganinta, sai na hura murhu da kara na cusa ta ciki. Hayaƙin da ya tashi ya sa maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko gobara ce. Da ta huce muka ƙwanƙwasa, gawayi ya yi ta zubowa. Abin da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya yi yoyo, da kwalin sukari aka yanka shi, da almakashin ɗinkina. Matatar iska kuwa soson katifa ne aka shafa masa mai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Malam. Mutumin da ya yi shekaru ba ya son a ambaci babur a gabansa, sai ga shi durƙushe a kan buhu yana wanke kafireta da gashin kaza, yana hura 'yan ƙananan ramukanta yana ɗagawa sama ya ga ko haske ya ratsa. Ashe bai manta komai ba. Har yana yi wa ƙanina gyara, shi kuma yana cewa, “To, Yallaɓai, sai ka karɓi garejin.”

Ranar da aka tayar da shi, Malam ya yi bismilla ya yi ta bugawa, babur ɗin yana tari yana mutuwa. Gumi ya jiƙe masa riga. Can sai ya kama, da wata ƙara mai kaifi, tsakar gida ta cika da shuɗin hayaƙi. 'Yan matana suka toshe kunne suna dariya. Ni kuwa ƙaurin ne ya mayar da ni shekarun da nake jiyo shi daga nesa in san in ɗora ruwan wanka. Na shige madafa na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Ƙanina ya ce saura walda da saiti, sai a garejinsa. Ya hau ya tafi da shi Kabo. A kwanakin nan aka yi yayyafi na farko, wanda bai jiƙa ƙasa ba amma ya tayar da ƙamshinta. Kowa yana murna, ni ina lissafin rafi.

Wata rana da hantsi ƙanina ya dawo da shi, tun daga bakin titi muke jiyo ƙararsa. Ya shigo yana washe baki, ya kafe shi a tsakar gida ya ce, “Ku zo ku ga aiki.”

Ya yi aiki kam. Ya yanke rabin kujerar, ya bar daidai mazaunin mutum ɗaya. A bayan ya yi waldar wata ƙatuwar kariya ta ɗora kaya da ƙarfen gado. Matakan ƙafa na baya ya cire su, wai za su yaga buhu. Shakazoba, wato abin da ke shanye gargada, ya sa masu tauri na ɗaukar kaya. Ya zare hanjin salansa don ƙarfi ya ƙaru, ya saita injin yadda da an taɓa shi zai zabura.

“Buhu uku zai ɗauka bai san an yi ba,” in ji shi. “Yaya, ba ki ce komai ba.”

Malam ya zagaya babur ɗin, ya dafa kariyar, ya girgiza ta. Bakinsa ya motsa. Sai ya ce, “Ya yi kyau. Allah ya yi albarka.” Ya wuce zaure.

Na san ba zai iya faɗa ba. Da bakinmu muka ce albasa, yaron nan kuwa ya yi mana abin da muka ce, da ƙarfensa da guminsa. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwa na kawo masa fura. Gabas ta yi duhu-duhu. Na zauna nesa kaɗan ina kallon ludayin da ke hannunsa, ina neman yadda zan kewaya zancen, ban samu ba. Idan na ce mutanen Gammo, zai ce su wa, kuma me ya haɗa su da albasa.

Na ce, “Ba albasa za a ɗauko ba.”

“To me? Tumatir?”

Na ce, “'Yata za a ɗauko. Ba ta da lafiya, cikin ya tsufa, kuma ruwa ya kusa.”

Tun da na haife ta ban taɓa cewa 'yata a kanta ba. Kalmar ta fito mini da nauyi, har na ji kunnuwana sun yi zafi. Ƙanina ya buɗe baki zai yi tsokanar da ya saba, na ga ta zo masa har leɓe, sai ya haɗiye. Ya ajiye ludayin. Ya dubi kariyar, ya dube ni.

“Haba Yaya. Haba. Da na kashe muku yarinya a kan ƙarfen gado.” Ya miƙe ya ɗaga murya wajen zaure. “Yallaɓai! Fito ka riƙe mini, albasar taku ashe mai rai ce!”

Malam ya fito bai dubi kowa ba, ya naɗe hannun riga.

Ƙanina bai koma Kabo ranar ba. Ya aro zarto ya yanke kariyar da ya sha wahala a kanta. Aka mayar da tsofaffin shakazoba masu laushi bayan an wanke su. Hanjin salansa, Allah ya taimaka, yana cikin jakar kayan aikinsa bai yar ba, ya mayar, ƙarar ta kwanta. Mai waldar bakin kasuwa ya ƙara wa kujerar tsawo, ya yi matakan ƙafa masu faɗi. Ni na farke gefen katifata na yanko soso mai kauri, na ninka, na lulluɓe shi da wata tsohuwar atamfata na ɗinke. Abu ɗaya ƙanina ya bari daga aikin albasa: babban faifan haƙoran da sarƙa take hawa a baya. Ya ce shi zai sa babur ɗin ya yi tafiyar hawainiya a yashi ba tare da ya mutu ba.

Saura saiti. Ya ce shi kunnensa ya saba da saitin samari masu son gudu, bai san yadda zai auna laushi ba. Na shiga na ɗebo ruwa a ƙwarya, na bar kamar yatsa biyu bai cika ba. Na sa hijabina na ce Malam ya goya ni zuwa hanyar fadama, inda yashi da gargada suke kamar na hanyar Gammo. In ruwan ya zube, ba a gama ba.

Rabona da hawa bayan Malam tun ina da goyon 'yar ta biyu. Yana sakin kuloci babur ɗin ya zabura, ruwan ya ƙare a jikina. Ƙanina ya riƙe ciki.

“Yaya ta yi wankan Juma'a tun ranar Laraba!”

Na ce, “Yi dariyarka, ka dai murɗa abin.”

Akwai wasu 'yan kusoshi biyu a jikin kafireta, ɗaya ta iska, ɗaya ta silo, wato numfashin injin idan yana tsaye. Ya riƙa murɗa su kaɗan-kaɗan, yana karkata kai yana saurare. Ya sassauta wayar kuloci don ya riƙa kamawa a hankali. Malam ya ce a rage iskar tayoyi, haka yake yi a da in zai shiga yashi. Muka je muka dawo, muka sake. Bayan kowace tafiya sai a kwance fulogi a duba bakinsa. Ƙanina ya ce in ya yi baƙi mai ya yi yawa, in ya yi fari injin zai ƙone a hanya, launin ƙuli-ƙuli ake nema. A wata dawowar na ce masa salansar tana ƙona cinya ta cikin zane. Ya dafa ya janye hannu da sauri. Na kawo murfin wata tsohuwar langa, ya huda shi ya lanƙwasa ya ɗaure a kai, furanninsa ja da kore suna waje. Har yau yana nan.

Wajen la'asar muka je har fadama muka dawo, ƙwaryar tana kan cinyata, ruwan yana rawa amma bai tsallake baki ba. Fulogi ya fito launin ƙuli-ƙuli. Ƙanina ya karɓi ƙwaryar ya shanye ruwan ya ce ladansa ke nan.

Da aka idar da sallar asuba Malam ya auna man haɗi da murfin kwalba ya zuba a fetur, ya girgiza tankin. Na ɗaura masa goran ruwa da wani mayafi. Ban ce a gaishe ta ba, shi ma bai ce ga inda za shi ba. Ya ce, “Sai na dawo.” Na ce, “Allah ya kiyaye hanya.”

Bai kamata a gan ni a ƙofar gida ina jira ba, don haka na sa wa kaina aiki. Na share ɗakin da ke kusa da nawa, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na daka gero fiye da yadda muke ci. Zafi ya tsaya cak, ko ganye ba ya motsi. Bayan azahar gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta fara kwashe faifai da tsummoki. Ina kwashe shanya ina karanta duk addu'ar da na iya. In ruwan ya riga su rafin, to sai dai su juya.

Kunnena ne ya fara jiyowa, can ƙasa-ƙasa a cikin iska, ba ƙarar zabura ba, wani kuka ne a kwance mai haƙuri. Na ci gaba da naɗe zanen da ke hannuna, na naɗe na warware na sake naɗewa. Ɗigon farko yana faɗuwa suna shigowa zaure. Malam ya kafa ƙafafunsa ya riƙe babur ɗin da ƙarfi, ƙannenta suka ruga suka kama ta ta sauko. Ta yi nauyi, ƙafafun kuwa yadda mai daddawa ta faɗa. Amma da ƙafarta ta tako.

Ta durƙusa daga nesa yadda ta iya, kanta a ƙasa, ta ce, “Ina wuni.”

Na dubi wajen randa na ce, “Lafiya lau. Sannunku da hanya. A shiga da ita ciki, ruwa zai taɓa ta.”

Da za ta wuce ta tsaya ta shafa kujerar babur ɗin. Ta san atamfar, da ita nake zuwa gidan kakarta in zauna ina kallonta ta gefen ido. Sannan ta shige.

Ruwan da aka yi ranar har ya rushe mana gefen katanga. Daga baya muka ji rafin ya kawo kafin magariba, kuma ya daɗe bai ba kowa hanya ba. Yarinyar da aka haifa a asibiti bayan 'yan makonni yanzu ita take gyara mini rubutu in na karkace. Ina gode wa Allah, ina gode wa ƙanina da ya yanke aikin hannunsa bai yi tsaki ba, da akuyar nan, da mai daddawa. Albasar kuwa a amalanke ta tafi kasuwa kamar kullum.

Washegari da sassafe na dafa ruwa na kai ƙofar ɗakinta na ajiye, na yi gyaran murya na juyo. Na dama kunu na ba ƙanwarta ta kai mata. Sannan na ɗauki tsumma na je zaure na goge laka daga jikin babur ɗin, na kori kazar da ta riga ta fara leƙa ƙarƙashinsa. Da Malam ya dawo daga masallaci na ce masa a auna mai, an ce masu awon ciki da wuri suke fara ganin mutane.